Ranar da Na Ƙwace Makullin Nomau

Ku samarin tasha, masu ganin tuƙi ba komai ba ne illa a murɗa makulli a taka totur a ƙure waƙa, ku matso kusa. Na ji gardamarku shekaranjiya a teburin mai shayi. Wai matuƙar allurar maleji ba ta haye casa'in ba, takardunka sun cika, kuma ba ka sha komai ba, to ka gama da haɗari, ko mutuwa ta hango ka sai ta ba ka hannu ka wuce. Ɗayanku har ya buɗe mani dokar cikin wayarsa, ya kara mani ita a hanci kamar mai tallan turare. Na gode. Ni Tanko karatuna aji huɗu ya tsaya, amma lamba dai ina gane ta ko an kifa ta. Don haka na ari biro, za ni ba ku amsa a rubuce, tunda na lura abin da ke rubuce kaɗai kuke girmamawa.

Aikina na farko a jikin mota riƙon weji ne, wato guntun katakon nan da ake cusa wa taya don kada mota ta gangara. Maigidanmu Sanda, Allah shi jiƙan shi, yana da tsohuwar babbar mota mai bodin katako, tana kwasar gero da dawa daga Tsamaye da Tozai zuwa kasuwar Sabon Birni, wani lokaci mu ƙetara Nijar da ita. Mu biyu ne yaran motar, ni da Nomau. Nomau taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Ku riƙe wannan, za shi yi amfani gaba. Shi yana cewa ni bawansa ne tunda shi ɗan namiji ne, ni kuma ina cewa ban taɓa ganin ubangida mai kunnuwa kamar faifai ba, don haka shi ne bawan. Da haka munka tashi, da haka munka tsufa. In mota ta tsaya kan tudu, ni ke dirowa da gudu in cusa weji, Nomau ya ɗauko galan ya shayar da lagireto, don motar nan ta fi mai azumin bazara ƙishirwa.

Malejinta kuwa ya mutu tun kafin a haife mu. Allurar tana kwance kan sifiri, ko muna tsaye ko muna gangara. A lissafinku ke nan, duk shekarun da na yi da Maigida Sanda ba mu taɓa motsawa daga tasha ba, kuma ba a yi direba mai bin doka kamarsa ba a ƙasar Gobir. Shi da kunne yake auna gudu, da kuma wurin zama, ku gafarce ni. Akwai wata kwana mai yashi kafin a shiga Tozai. In lodi bai wuce bodi ba, yakan shige ta yana tauna goro yana hira. In kuwa buhuna sun haye bodi, mata sun hau bisa da ƙorai da kaji, tun daga nesa za ka ji ya sauke giya, ya bi ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu, har jaki ya wuce mu, mai jakin yana yi mana sannu da aiki. Kwanar ita ce dai, motar ita ce dai, direban shi ne dai. Wace lamba za ku kafa mata? Ta ranar kasuwa, ko ta ranar da babu kasuwa?

Amma babban kayan aikin Maigida Sanda ba sifana ba ce, ba jak ba ne. Gaisuwa ce. Shi ne babba a tasha, kuma babu direban da ke tashi da fasinja sai ya zo sun yi hannu. Kun dai san halinmu. Ka tarar da mutum ya wuni yana huɗa, harshe waje, ka ce mashi ina gajiya, za shi ce maka ba gajiya. Haka anka koya mana tun muna ƙanana, wanda kuwa ya amsa da cewa akwai gajiya sai a dube shi kamar ya fito ba wando. To Maigida ya san baki ba ya faɗi, saboda haka ba ya tambayar baki. Sai ya kama hannunka ya ƙi saki. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina tsohuwa, ya ruwa, ya shuka. Yana ja yana ja, kai kana amsawa, shi yana sauraren hannun. Hannun wanda ya ƙoshi da barci, kana riƙe da shi yana riƙe da kai har a gama. Na wanda ya kwana hanya ko ya fito gona, da fari za shi matse ka da ƙarfi don ya nuna shi namiji ne, kafin a kai gaisuwar yara ya saki, ya yi nauyi, ya kwanta cikin naka kamar kifin da ya kwana. In Maigida ya ji haka ba ya cewa komai gaban mutane. Sai ya ce, "Wane, zo ka duba mani wani abu bayan rumfa." Abin da ke bayan rumfa tabarma ce.

Na daɗe ina zaton tsohon son surutu ne kawai ke damunsa. Sai da gemu ya fito mani ya fara turo ni, ya ce je ka gaida wane ka dawo ka faɗa mani abin da ka ji. In na ce na ji ya ce lafiya lau, sai ya dungure mani kai.

Da kwalta ta zo munka bar manyan motoci munka koma bas, ni da tawa, Nomau da tasa, muna jigilar Sabon Birni da Isa da Sakkwato. Nan na fara zama da maleji mai rai, nan ne kuma anka kakkafa alluna masu lamba bakin hanya. Kada wani ya fita ya ce Tanko ya ce lamba banza ce. Ban ce ba. Na ga abin da gudu ke yi wa bas cike da mutane in taya ta fashe, na taya ɗauka da hannuna, kuma ba za ni ba ku wannan labarin kuna shan shayi ba. Saurayin da jininsa ke tafasa, wanda jiya-jiya ya sauko daga kabu-kabu, in ba a kafa mashi lamba ba shi za shi kafa wa kansa, tasa kuwa tana can inda allura ta ƙare. Baƙon da bai san hanya ba, shi ma allon ne ɗan jagoransa. Abin da na ce shi ne, allo ba ya da ido. Yana nan tsaye da casa'in ɗinsa ranar da hanya ta bushe, yana nan da ita ranar da ruwa ya kwanta kan kwalta, da ranar da Fulani ke ƙetarawa da shanu, da ranar kasuwar Isa, sa'ad da amalanke da raƙumi da mai tallan rake duk ke tsakiyar titi suna ciniki. Na taɓa kai 'yan kasuwa da kayansu cikin Nijar, ina ƙetara iyaka na ga lambarsu daban da tamu. Na ce wa jandarma, wato ɗan sandansu, ranka shi daɗe, raƙuminku ya fi namu hankali ne, ko namu ya fi naku? Ya ce in miƙo permi, wato lasin, in rage magana.

Sai shekarar da hanya ta lalace, ba da ramuka ba, da mutanen daji. Ba sai na yi maku dogon bayani ba, wasunku a lokacin kunka bar ƙauyukanku kunka dawo gari. A shekarar nan lissafi ya juye. Wuraren da Maigida ya koya mana a bi a hankali, inda daji ya matso hanya, nan ne ya zama in ka rage gudu ka shiga uku. Allon yana nan tsaye, bai ji labari ba. Munka koma tafiya a jere, mota bayan mota. Ba a fita da sassafe sai rana ta ɗaga an ji labarin hanya, kuma duk inda za ka, la'asar ta same ka cikin gari. Fasinja ya ragu, mai ya yi tsada, direbobi da yawa sunka koma wa gona don a samu na tuwo. Nomau yana cikinsu. Yana da 'yar gona nan bayan gari, kusa, inda ake iya zuwa. Sai ya zama da asuba yana can da hauya, in hantsi ya yi ya ajiye ta ya taho tasha ya shiga layi.

Ranar da nake son ba ku labari damina ce, ana tsakiyar noman fari. Ni na kwana gida na ƙoshi da barci, layina bai zo ba, ina zaune kan benci gindin darbejiya. Maigida Sanda ya daɗe da rasuwa, gaisuwar tasha ta dawo hannuna, ba don an naɗa ni ba, don dai na fi kowa furfura da yawan magana. Ranar kuma jami'an kiyaye haɗurra sunka zo mana wayar da kai. A cikinsu akwai wani ofisa matashi mai fara'a, ya zo da na'ura kamar ƙaramar rediyo mai bututu. In ka hura, tana faɗin ko ka sha barasa, da yawan da ka sha. Ya ce akwai iyaka, wanda ya haye ta ba ya taɓa sitiyari. Munka yi layi muna hurawa kamar masu koyon algaita. Limamin tasha ma ya ce a ba shi ya hura don jama'a su shaida. Kowa sifiri. Mai shayi ya ce a gwada tukunyarsa, don akwai masu zarginsa.

Ana cikin haka sai ga Nomau, ƙafafu duk laka. Layinsa ne, 'yan kamasho sun riga sun cika mashi mota, an ɗaure kaya bisa. Ya wanke fuska da ƙafa a bakin randa, ya kira mai nono, ta dama mashi fura cike da ƙwarya, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Sannan ya je ya hura. Sifiri. Ofisa ya duba takardunsa, ya duba taya, ya taka birki, ya duba na'urar nan da ke hana bas wuce iyakar gudu, ya ga tana aiki.

Ya ce, "Baba, kai kam ka cika. Ba ka dai gaji ba ko?"

Nomau ya ce, "Ba gajiya, yallaɓai." Ya waiwayo ni ya ɗaga murya, "Ka dai ji ko, bawa? Gwamnati ta auna ni. Kai da ta auna ka mi ta samu ban da surutu?"

Na ce, "Zo mu gaisa, mai kunnuwa."

Ya zo yana dariya, makulli a hannun hagu, ya miƙo na dama. Ya matse ni kamar za shi karya mani yatsu. Na ce ina kwana, ina gajiya, ina gida. Tafin zafi rau, ga sabuwar kantar hauya. Ban kai gaisuwar yara ba na ji ya saki. Nan da nan ya farga ya sake matsewa, ya kuma saki. Na dubi idonsa, yana kallona, amma kallon yana zamewa ta gefen kafaɗata.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sakar mani hannu, Tanko. Na san wanga karatu, tare munka yi shi."

Na ce, "To ka san abin da na karanta."

Ya ce, "Gero ya ƙare gida. In na rasa layin yau, sai wani mako. Kada ka kira ni bayan rumfa, ba ni zuwa."

Ku ji inda matsalar take. Dabarar tabarma ba ta cin Nomau, tunda mu ke shimfiɗa ta muna yara. In kuwa na miƙe gaban jama'a na ce wannan bai iya tuƙi yau, bayan gwamnati ta ce ya cika, to na gama da shi. Kafin magariba labari ya kai Isa cewa Nomau ya tsufa, barci yake kan sitiyari, mata su riƙa sauka daga motarsa suna cewa sun yi mantuwa. A shekara irin wannan, wannan yanke wa mutum tuwo ne. In kuma na sake shi, na san abin da ke jiransa. Fura a ciki, rana a gilashi, hanya miƙe, ido kafe a bayan motar da ke gaba, na'ura ta riƙe inji a murya ɗaya kamar mai rarrashin jariri. Nomau ba za shi haye lambar allo ba ko da kaɗan. Da ya gangara da mutanen nan cikin kwalbati a kan doka daidai, da takardu cikakku.

Ga Hajiya Kulu a gidan gaba, 'yar kasuwa ce mai kai atamfa Nijar ta dawo da taliya da dabino, ba a yi mai baki kamarta ba a hanyar nan. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ku tsofaffin nan, gaisuwar ta aure ce? Ayari za shi tashi ya bar mu, la'asar ta same mu daji!"

Ita ma gaskiya ta faɗa.

Abu ɗaya ya rage mani, shi ne abin da na ce ku riƙe. Taubashi yana yi wa taubashi abin da wani in ya yi sai an je gaban alƙali. Ya ƙwace maka hula, ya zage ka cikin kasuwa, ya cinye maka nama, kuma in ka yi fushi kai ne abin dariya har jikokinka. Sai na fizge makullin daga hannunsa na hagu, na jefa aljihun wando, na koma kan benci na miƙe ƙafa, na ce da ƙarfi yadda har masu faci za su ji:

"Jama'a ku shaida! Bawan ga ya zage ni gaban gwamnati. Ba ya ganin makulli sai ya zauna nan ya yi wa ubangidansa fifita, zufata ta bushe!"

Tasha ta kwashe da dariya. Mai tsire ya jefo maficinsa. Nomau ya tsaya yana dubana, jijiyar wuya ta tashi. Ya san abin da nake yi, na san ya sani, amma mutane sun riga sun kewaye mu suna tafi, babu ƙofar fushi. Sai ya ɗauki maficin ya ce, "Za ni yi maka. Tsohon nama dole a kore mashi ƙuda. Ku ba ni wuri in yi in gama in tafi."

Ya zauna gefena cikin inuwa, ya jingina da darbejiya, ya shiga fifita da ƙarfi kamar mai hura garwashi, yana zagina.

"Dubi wuya kamar na zakaran da anka fige."

Na ce, "Ƙara ta nan, ba ta kai ƙeya ba."

"Kai da ko weji sai da na koya maka gabansa da bayansa."

Na ce, "Ka ci gaba, ina jin daɗi."

"Ranar da ka fara jan mota, awakin Tsamaye sunka yi ƙaura. Uwarka ma, gwaggona, cewa ta yi..."

Ba mu ji abin da gwaggonsa ta ce ba har yau. Maficin ya fara tafiya a hankali. Ya je, ya daɗe, ya dawo. Ya sake zuwa, bai dawo ba. Ya sauka kan gwiwata, ya zame ya faɗi ƙasa. Kan Nomau ya karkata jikin itace, baki buɗe. Dariyar tasha ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Hajiya Kulu ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wannan ne za shi ja mu?"

Na ce, "Hajiya, rage murya. Ba barci ba ne. Kwarjinina ne ya sumar da shi, haka yake yi mashi tun muna yara. Kowa ya faɗi wani abu daban a gari, ni da shi."

Ta dube ni, ta dubi Nomau, ta dubi lakar da ta rage a ƙafar wandonsa. Mace ce mai baki, amma mai hankali. Ta ce, "Lallai kwarjini ne. Na shaida. To mai kwarjini, wa za shi kai mu?"

Na fito da makullin na nuna mata.

Ofisan nan yana tsaye duk abin nan, da na'urarsa a hannu. Ina zagayawa in shiga mota ya biyo ni. Na ce, "Yallaɓai, ba ka da wadda ake hurawa ta faɗi fura da noman fari?"

Ya yi dariya ya ce, "Babu, Baba. Gajiya kam mun san tana kashe mutane, muna faɗa kullum, awonta ne ke da wuya. Amma bari in tambaye ka. Hannunka nawa?"

Na ce, "Biyu, ɗaya ma na cin tuwo ne."

Ya ce, "To hanyoyin ƙasar nan fa? Tashar da babu kai, wa za shi riƙe hannu? Kuma in an ce kowane babba ya hana wanda ya ga dama tuƙi don ya ji hannunsa, gobe wani za shi hana abokin gabarsa ya ce hannu ya ji. Lamba ba ta san kowa ba, shi ne aibinta, shi ne kuma amfaninta."

Na tsaya da ƙafa ɗaya cikin mota. Na ce, "Kai ɗan ina ne?" Ya faɗa mani garinsu. Na ce, "To ka riƙe rediyonka, in riƙe hannuna, kowa ya kama ɓarawon da ya iya." Ya ce ya yarda.

Na ja motar Nomau na bi ayari, munka shiga Sakkwato da sauran rana. Hajiya Kulu ba ta bar ni na huta ba, wai ina tuƙi kamar mai rakiyar gawa, in na ƙara kuma ta ce ina da mata biyu ne da nake son su yi takaba. Washegari na dawo da lodi, na tarar da Nomau kan bencin nan. An ce sai bayan la'asar ya farka, ya tambayi ina motarsa, mai shayi ya ce ubangidanka ya are ta. Na miƙa mashi makulli da abin da motar ta samo. Bai ce na gode ba, ni ma da ya ce da na ji kunya. Ya shiga ya zauna, ya fito ya ce, "Ka ɓata mani kujera, gajeren banza." Sannan ya ce, "Allah shi kai mu." Daga ranar, in ya yi noma da safe ba ya shiga layi, sai ya ba wani motar. A gari kuwa abin da anka sani shi ne Tanko ya sa Nomau fifita gaban gwamnati. Shi ake tsokanarsa da shi, kuma fasinja bai guje shi ba.

Bara waccan na sabunta lasin. An duba idona, na karanta haruffansu har na ƙasa, waɗanda ban gane ba na yi masu kamanni. An buga mani hoto na fito kamar ɗan majalisa. Yana nan aljihuna, da sauran wa'adinsa. Wata safiya, layina ne, mota ta cika, sai ga Nomau ya taso daga benci yana murmushi, ya ce, "Zo mu gaisa, bawa."

Na miƙa hannu na matse shi da ƙarfi.

Ina kwana. Lafiya lau. Ina gajiya. Ba gajiya. Ina gida, ina yara, ina jikoki. Ya ja, ya ja, har ya gaida mutanen da sunka daɗe da mutuwa. Na yi barci na ƙoshi, ban je gona ba, ban sha fura ba. Amma ina jin hannuna cikin nasa yana ɗan motsi shi kaɗai, kamar ɗan tsako, na ce mashi tsaya, bai tsaya ba. Nomau bai dubi hannun ba, fuskata yake kallo. Sai na ji an zare makulli daga hannuna na hagu.

Ya ɗaga murya, "Jama'a ku shaida! Yau ranar ramuwa ce!"

Anka kwashe da dariya, mai tsire ya jefo mafici. Na ce za ni yi, tsohon nama dole a kore mashi ƙuda. Na zauna na shiga fifita ina zaginsa, idona biyu tar, ban yi ko gyangyaɗi ba, a rubuta wannan. Maficin ne dai ya suɓuce daga yatsuna ya faɗi. Na ɗauka na ci gaba. Ya sake suɓucewa. Nomau ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe mashi ƙasa, ya mayar wa mai tsire, ya ce, "Kwarjinina ne. Haka yake yi mashi tun muna yara." Ya kira ɗana babba, ya ba shi makullin, ya ce fasinja na jira.

Har yau ɗana ke jan motar. Doka ta ce in tuƙa, ga takarda ga hoto. Nomau ya ce a'a. In kuna son sanin wanda ya yi rinjaye, ku dubi wanda ke zaune gindin darbejiya yana aron biro.

Saboda haka ku bi lambar allo, kada in ji wani ya cire na'ura ya ce Tanko ya ba shi fatawa. Ku hura in an ce ku hura. Amma kafin ku tashi da mutane, ku biyo ta benci mu gaisa, kuma kada ku yi saurin janyewa. Hannun yana rawa, amma bai kurumce ba. In na ce ina gajiya, ku ce ba gajiya, kamar yadda iyayenku sunka koya maku. Ba bakinku nake saurare ba.